Na Raini Murjani a Jidda, Siminti Ya Kayar Da Ni a Mubi

Yau ba zancen hanya ko na wuta zan yi ba, ko da yake wutar za ta leƙo, don babu labarin da mutum zai bayar a ƙasar nan ba ta sa kai ba. Labarin kifi ne da ruwa, da kuma wata magana da na faɗa wa ɗan wana, wadda har yau in na tuna sai na ji nauyi.

Waɗanda suka san ni sun san shekara 11 na yi a Jidda, kuma ba a ofis na yi su ba. Wani kamfani na yi wa aiki mai kula da tankunan gilashin nan na kifin ado da ake ajiyewa a otal-otal da gidajen masu hali. Mafi girman wanda aka damƙa mini yana ɗaukar ruwa wajen lita 6,000, a zauren karɓar baƙi na wani otal. Ruwan gishiri ne irin na teku, kuma abin da ya fi tsada a cikinsa ba kifin ba ne, murjani ne. Mu a gida murjani mun san shi a wuyan amare, shi ya sa ranar da aka fara ce mini dabba ce mai rai sai da na yi dariya. To wallahi dabba ce. Ƙananan halittu ne birjik suke zaune wuri guda, suna gina wa kansu gida mai tauri kamar dutse, kuma a cikin naman jikinsu akwai wani irin gansakuka da ido ba ya gani, wanda yake yi musu abinci da hasken rana, shi ne ma yake ba su launi. In ruwa ya yi zafi fiye da ƙima sai su kore shi, su koma fari fat, daga nan kuma sai yunwa.

Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne ɗan ƙasar Filifin, mutum marar yawan magana. Wata uku na farko bai bar ni na ba kifi abinci ba, gwajin ruwa kawai. Kullum da safe in ɗebo ruwa a 'yan kwalabe, in ɗiga magani, in gwada launi da takarda, in rubuta a littafi. Gishiri ya tsaya a giram 35 cikin kowace lita. Zafi tsakanin digiri 25 da 26, a garin da bazara ke kai 40 a waje, don haka na'urar sanyaya ruwa ba ta hutawa. Kalsiyam, wato abin da murjani ke gina gidansa da shi, ya zauna wajen 420. Sai ma'aunin da ake kira pH, wanda ke nuna ko ruwa ya karkata wajen tsami ko wajen kaifi irin na kanwa da toka: 7 shi ne tsakiya, mu kuwa muna son 8.1 zuwa 8.3. Mai karatu ka riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Abin mamaki, ga Bahar Maliya nan a bakin gari, amma ba ma ɗibar ruwanta. Ruwan famfo muke tacewa har sai babu komai a cikinsa, sannan mu dama gishirin kwali da aka yo odarsa daga waje. Kullum tankin yana rasa lita da dama ta hanyar tururi, kuma kuskuren sabon shiga shi ne ya cike gurbin da ruwan gishiri, alhali ruwa ne kaɗai ya tashi, gishirin yana nan. Akwai na'urar kumfa da ke tsamo datti, ta tara wani baƙin ruwa mai wari a kofi, ni ne mai wankewa. Akwai injinan da ke kaɗa ruwa dare da rana, don murjani ba ya motsi, sai ruwa ya kawo masa abinci ya kuma kwashe masa ƙazanta. Ko minti talatin aka yi babu wuta sai an kira ni a waya. Da dare kuma muna ɗiga wani farin ruwa a hankali, ruwan farar ƙasa irin wadda ake shafe bango da ita, don ya ƙara kalsiyam ya kuma ɗaga pH.

Abin da ya fi haɗa mu rigima da masu gida shi ne jira. Attajiri ya kashe kuɗi an kafa masa tanki, yana son gobe ya ga kifi na iyo, mu kuwa sai mu ce ya yi haƙuri sati huɗu zuwa shida. Dalili shi ne kifi na fitar da amoniya ta hucinsa da kashinsa, ita kuwa guba ce, sai wasu ƙwayoyin halitta sun yi gida a jikin duwatsun tankin suna sarrafa ta kafin a sa kifi. Sau nawa na tsaya gaban Balarabe ina masa wa'azin haƙuri da guntun Larabcina? Allah kaɗai Ya sani.

A 2019 na tattaro na dawo Mubi. Wana ya rasu kafin nan, ya bar mata da yara, babbansu namiji ya bar karatu tun gudun da aka yi a 2014, lokacin da Boko Haram suka shiga garin, kuma ko da aka dawo bai koma aji ba. Sai na ga abin da na sani a duniya ruwa ne, bari mu yi kiwon tarwaɗa a filin bayan gida, ni in sa kuɗi da ilimi, shi ya sa ƙarfi. Aka haƙa rijiyar burtsatse, aka gina tankin siminti biyu. Da yake kuɗina sun ƙare a tsakiyar aikin, tankunan sun yi wata biyu da ruwan sama a ciki kafin mu sami na sayen 'ya'yan kifi. A lokacin ban san talaucin nan rahama ce ba.

Tarwaɗa kuwa, bayan murjani, sai na ga kamar an ba mai kiwon dawaki jaki. Tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iska kai tsaye da ita, shi ya sa za ka gan ta a taɓo tana rayuwarta. Wannan juriyar ce ke yaudarar mutane, har da ni. Kayan gwajin da na zo da su daga Jidda na jefa su a akwati. In ruwa ya fara wari mu sauya, shi ke nan. Shekara huɗu muna haka, muna sayar wa masu gashi da masu farfesu, ba a yi arziki ba amma tukunyar gidan wana ba ta kife ba.

Bayan an cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta don jawo ruwa ya zama abin da sai an yi lissafi, ga abincin kifi shi ma ya tashi. Muka rage yawan sauya ruwa. A farkon 2024 na yanke shawarar gina tanki na uku, don mun zuba 'ya'yan kifi 1,000 kuma sun fara girma ba daidai ba. Wanda ya san tarwaɗa ya san in ba a ware manya daga ƙanana ba, manyan cinye 'yan uwansu suke yi. Magini ya gama a cikin watan Maris, azumi ya kama, zafin Mubi na bazara ya sauko, kogin Yedzaram ya koma yashi sai ɗan zare-zaren ruwa. Kwana huɗu da gama shafe na ce a cika ruwa a kwashe ƙananan a zuba.

Yaron ya ce, “Baffa, da an bari ya jiƙa tukuna. Masu kiwo suna cika shi da ruwa su sara kututturen ayaba su jefa, ya yi sati biyu ko uku, a zubar a sake.”

Na ce masa ayaba kuma? Me ya haɗa ayaba da kifi? Na ce wannan camfi ne na waɗanda ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, ni na raini abin da ya fi wannan laushi sau dubu. Ya ce to Baffa, ya je ya ɗauko koma.

Kwana na biyu da asuba, bayan sahur, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Muka je da tocila. Kifin sun taso sama sun tsaya a tsaye, kai a sama wutsiya a ƙasa, jikinsu ya yi wani fari-fari kamar an watsa musu ruwan zafi, wasu gashin bakinsu ya yi ja. Waɗanda suka mutu sun taru a kusurwa. Kafin azahar mun tsame fiye da 400, kafin washegari sun kusa 700. Ka ga mutum da azumi a baki, ga rana, ga wari, ga kuɗi yana kwasa da kwando yana kaiwa rami. A nan ne na juya kan yaron, a gaban mahaifiyarsa da ƙannensa, na ce shi ya cika musu abinci ya ɓata ruwan, na ce abin da aka sa shi kaɗai ke nan a duniya ya kasa, da ma karatun ma haka ya yi da shi. Bai ce uffan ba. Mahaifiyarsa ta ja mayafi ta shige ɗaki. Da daddare na ji ƙanwarsa na cewa wai zai tafi Yola ya nemi tuƙin Keke Napep.

Barci ya ƙi zuwa. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, sai na tashi na buɗe akwatin nan, na tono kayan gwajin da suka shekara biyar ba a taɓa ba. Na ɗebo ruwan tsohon tanki: 7 da ɗan ɗoriya. Na ɗebo na sabon. Launin ya wuce iyakar takardar, wadda ta tsaya a 9. Na ce ko maganin ne ya lalace, na sake gwada na rijiyar burtsatse, ya fito daidai. Ashe nawa ruwan ba tsami ya yi ba, kaifi ya yi. Na zauna a bakin tankin cikin duhu, sai abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Sabon siminti in ya haɗu da ruwa yana sakin farar ƙasa, wato ainihin sinadarin da na shekara 11 ina ɗiga wa murjani da dare da hannuna, ina auna shi da cokali don kada ya yi yawa. Bango huɗu da daɓe suna ta zuba shi babu awo. Shi kansa kaifin yana ƙona fata da hucin kifi, sannan ga amoniya: a pH 7 ɓangarenta mai guba bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma a 9, cikin zafi irin na Maris, ya haura kashi ɗaya cikin uku. Duk wannan na san shi kamar yunwar cikina. Ban taɓa kawo shi kan tarwaɗa ba ne kawai, don raina ta na yi.

Da gari ya waye na kira shi, na sa ya ɗebo ruwan da kansa, ya ɗiga maganin da kansa, ya ga launi. Na ce masa ba abincinka ba ne, simintina ne, kai ka faɗa mini na ƙi ji. A wurinmu uba bai saba buɗe baki ya ce wa ɗa yi haƙuri ba, kuma ba zan ce na iya yi da kyau ba, na dai yi ta kame-kame har ya tausaya mini ya ce, “Baffa, ai ya wuce.” Wajen mahaifiyarsa ne abin ya fi wuya. Sai da na je har ƙofar ɗakinta bayan shan ruwa na maimaita a gaban yaran da suka ji ta farko. Ta ce Allah Ya kiyaye gaba, amma har aka yi Sallah gaisuwarta a taƙaice take.

'Yan kwanaki bayan Sallar, a tsakiyar Afrilu, na gani a waya cewa hukumar NOAA ta Amurka ta sanar da cewa murjanin tekunan duniya ya shiga farin nan na zafi a karo na huɗu. Na nuna wa yaron hotunan, karo na farko ke nan da ya ga abin da nake ta yi masa alfahari da shi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe su ma fari suke yi.

Bai tafi Yola ba. Sauran kifin da suka tsira mun mayar da su tsohon tanki, sabon kuma muka cika shi da ruwa, sati uku muna zubarwa muna sakewa, ina gwadawa duk bayan kwana biyu har ya sauko ƙasa da 8 ya zauna. Daga baya na sayar da wani fili na sa sola, don samo ya riƙa jawo ruwa da rana ba tare da fetur ba, kuma na sa an ɗaga bututun ta yadda ruwan zai faɗo daga sama yana fantsama, saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan fito da ƙarancin iskar oksijin. Littafin rubuta gwaji ya dawo, yanzu a hannunsa yake, kuma rubutunsa ya fi nawa kyau.

Maganar ayaba dai har yanzu muna ja. Ni a ganina kwanakin da sauya ruwan su ne ke yin aikin, ayabar in ta ruɓe tana ɗan ƙara tsami ta kuma sa bango ya yi santsi, taimako ne amma ba ita ce maganin ba. Shi kuwa ya ce tunda da ita aka jiƙa na ukun kuma ko ɗaya bai mutu ba, ba zai yarda a gina na huɗu babu ita ba. Mun yi da shi in Allah Ya hore aka gina biyu a lokaci guda, ɗaya za a sa ayaba ɗaya a bar shi haka nan, mu gwada mu gani. Ya riga ya dasa ayaba uku a inda ruwan tankunan ke malala, sun ma fara 'ya'ya.