Rovaniemi, garin da rana ke leƙowa ta koma

A hutun ƙarshen shekara maigida ya ce mu same shi a Finlan, inda yake karatu, mu haura can arewa yara su ga dusar ƙanƙara da idonsu. Tsoron sanyi na tafi da shi. Ashe duhu ne zai fi ba ni wahala.

Daga Helsinki muka hau jirgin ƙasa na dare mai ɗakunan kwana, tafiyar kusan awa 12 zuwa Rovaniemi, babban birnin yankin Laplan. Da safe muka sauka, amma gari baƙi ƙirin kamar tsakar dare. Abba ya ja mini hijabi ya ce, "Mama, yaushe gari zai waye?" A ƙarshen Disamba sai bayan ƙarfe 11 rana ke leƙowa, ja-ja a gefen sama, kafin ɗaya da rabi ta faɗi.

Uwargida, ki duba abin da wannan ke nufi ga salla. Azahar na shiga bayan sha biyu, kafin ki naɗe darduma La'asar ta zo, Magariba na biye da ita. Ranar farko muna kan titi lokutan uku suka wuce ni, raina ya ɓaci ƙwarai. Daga nan na tsara: tsakar rana muna masauki, da alwala ɗaya a yi ukun, sannan a fita. Ba a yi asarar komai ba, don garin ya fi kyau cikin fitilu.

Kilomita 8 daga gari akwai ƙauyen Baban Kirsimeti, inda aka ja layi a ƙasa don nuna iyakar yankin ƙanƙara na arewacin duniya. Mu ba bikin ya kai mu ba, amma mun sha kallo: itatuwa sun sha ado, ga gidan waya da wasiƙun yara ke zuwa daga ƙasashen duniya. Layin ɗaukar hoto da tsohon mai farin gemu kuwa, da na ji kuɗin hoton sai na ja yarana. Mun dai hau amalanke marar taya da barewar ƙanƙara ke ja. A Laplan waɗannan barewa sun fi mutane yawa, kuma kiwonsu tsohuwar sana'a ce ta ƙabilar Sami. Namansu na ko'ina a gidajen abinci, amma da yake ban san yankan ba, miyar kifi da dankali muka riƙe, ina barbaɗa yajin da na taho da shi. Kilishi kam kada ki ɗauka, ba a shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama a jaka.

A rana ta uku na ga tashin hankali. Sanyi ya kai 18 ƙasa da sifili, Ummi, 'yar shekara biyar, tana ta cura dusar ƙanƙara da safar hannu ta saƙa da na saya mata a gida. Safar ta jiƙe ban lura ba. Yarinyar da bakinta ba ya hutawa sai na ji ta yi tsit. Da na zare safar, kan yatsunta sun yi fari, ta ce ba ta jin su. Na kama zan murza, ina kiran a kawo ruwan zafi, sai matar da ke mana jagora ta riƙe hannuna. Ta ce murzawa na lalata fatar, ruwan zafi kuma ƙona ta zai yi tunda ba ta ji. Ta sa na cusa hannuwan cikin hammatata, muka shiga ɗaki aka tsoma su a ruwa mai ɗan ɗumi. Da jini ya fara dawowa Ummi ta tsala ihu, ni kuma ina ta hamdala. Laifina ne, na ɗauka yaro zai faɗa idan sanyi ya kama shi. A ranar na sayi safar da ruwa ba ya ratsawa, kowa biyu, na kuma daina sa musu rigar auduga a ciki, don tana riƙe gumi ta huce a jiki.

Hasken nan mai kore da ke rawa a sararin sama, wanda Abba ya yi wata guda yana kallo a wayata, ba mu gan shi ba. Dare huɗu hadari ya rufe sama. Har yanzu yana cewa babansa na da bashinsa.