Bankwana da Kyanwar Zaure a Damagaram

Duk wanda ya tashi a unguwar Birni ta Damagaram ya san lungunanta masu ƙunci, da manyan duwatsun da suka tsaya a tsakanin gidaje, da katangun ƙasa masu zane da ke kewaye da fadar Sarki. Garin nan shi ne babban birnin Nijar a zamanin Nasara har zuwa 1926, lokacin da aka mai da mulki Yamai. Ni ma hanyar nan ta kira ni, domin aiki ya ɗauke ni da iyalina zuwa Yamai, tazarar kusan kilomita 900.

Ana saura kwana uku mu tashi na zaga dangi na yi sallama, ina zaton na gama. Da magariba na tarar da mahaifina a zaure, farar kyanwarmu tana kwance a gefen buzunsa. Ni na tsince ta tana ƙarama a bayan masallaci, kuma tun daga lokacin ɓera bai sake taɓa littattafan Malam ba. A tsakar gida kuma ga tantabaruna goma sha biyu a cikin tukwanen da na jera musu.

Malam ya dube ni ya ce, “Ka sallami mutane. Waɗannan fa, wa ka danƙa wa su?”

Na ce, “Allah ya gafarta Malam, ai gida cike yake da jama’a.”

Ya ce, “Abin da aka bar wa kowa, ba a bar wa kowa ba.”

Sai na gane nufinsa. Ruwa abu ne mai daraja a Damagaram. Idan bazara ta yi tsanani famfo kan yi kwanaki bai zubo ba, sai an saya wurin ’yan garuwa. A irin wannan rana wa zai tuna da kaskon tantabaru? Malam ya tuna mini hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba.

Ɗaukarsu bai yiwu ba. Ɗakin haya za mu shiga, kyanwa kuwa da gida take sabawa, tantabara ma inda ta yi ƙwai take komawa. Saboda haka na kira ƙanena a gaban Malam, na danƙa masa su da sunan amana, na auna hatsin wata uku, na yi alkawarin aiko kuɗin ruwa duk ƙarshen wata.

Da asubar tafiya ɗiyata mai shekara shida ta rungume kyanwar tana kuka. Ban hana ta ba, domin Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka. Mun wuce Tasawa, mun wuce Maraɗi, sai a Birnin Ƙonni ta tambaye ni ko an ba Fara ruwa. Na kira gida, ƙanena ya ce ta sha, tana zaure.

’Yan’uwa, duk mai shirin ƙaura ya sa dabbar gidansa cikin lissafi tun kafin ya ɗaure kaya, ya ambaci sunan wanda zai riƙe ta. Allah ya ba mu ikon sauke amana, amin.