Dirin Sa'alaba

Kowane gari da dirinsa. Ina nufin ƙarar nan mai kauri da ke kwance ƙarƙashin hayaniyar gari, wadda ba ka sanin tana nan sai an ɗauke wuta. Na Kano da na Jidda ba ɗaya ba ne, kuma da dalili: wutar lantarkin Najeriya da Nijar tana kai-komo sau 50 a sakan ɗaya, ta Saudiyya kuwa sau 60. Taransifoma da firiji da na'urar sanyaya ɗaki duk a kan wannan adadi da ninkinsa suke gurnani. Wanda ya sauka Jidda daga Kano, kunnensa ya riga shi sanin ya sauya ƙasa.

Ɗan goggona ne ya nuna mini wannan, lokacin da na sauka gidansu bayan Umara. A Sa'alaba aka haife shi, a kudancin Jidda, yankin da ya haɗa da Karantina da Gulail da Hindawiyya, kusa da tashar jiragen ruwa. A waɗannan unguwanni Hausawa da yawa suka yi zamansu, wasu jikokin mahajjatan da suka keto Chadi da Sudan a ƙasa suka haye Bahar Maliya. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 rusau ya bi ta kansu. Aka rubuta "ikhla" a jikin bangaye, wato a tashi, sannan katafila ta biyo baya. Maganar diyya ta masu gida ce 'yan ƙasa. Baƙo ɗan haya sai ya tattara komatsansa. Goggo ta koma wata unguwa, kuɗin haya ya hau, maƙwabtanta kuma suka watsu, wasu har gida Najeriya.

Ya kai ni wurin da yamma. Fili ne fetal, sai kwalta da ƙura. Ya ce, "Yaya, ba gidajen ne suka fi damuna ba, shirun ne." A da lungunan matsattsu ne, kowace taga da mukayyif ɗinta tana ɗigar da ruwa, ɗaruruwansu suna diri tare, ga tirelolin tasha daga nesa. Bangaye suna riƙe sautin kamar tukunya. Yanzu babu abin da zai riƙe shi.

Wannan dirin yake ƙoƙarin sake ginawa a kwamfuta, da manhajar FL Studio. Masu haɗa kiɗan na'ura suna kiran sautin da ke tsakanin girgiza 20 zuwa 60 a sakan da "ƙasan bes". A nan ji da taɓawa suke haɗuwa: rabi kunne ke ɗauka, rabi ƙirji. Yakan fara da tsurar igiyar sauti, wadda ba ta da gauraye ko kaɗan, ya kafa ta a 60. Ita kaɗai ba ta da rai, kamar ƙarar gwajin kunne a asibiti. Sai ya ɗora mata ta biyu a 61. Da yake ba su yi daidai ba, sukan ƙarfafa juna su kuma danne juna sau ɗaya a kowane sakan, sai sautin ya riƙa kumbura yana saɓewa kamar numfashin mai barci. In ya matso da ta biyun kusa, numfashin ya ƙara tsawo. Haka tsofaffin mukayyif suke yi, in ji shi, don babu biyu da ke gudu daidai. Daga nan ya tace duk wani siririn sauti, ya bar na ƙasan a tsakiya, bai raba shi hagu da dama ba, don kada igiyoyin su cinye juna.

Ɗakin kansa abokin gaba ne. Tsawon igiya ɗaya a 60 ya kusa mita 6, ya fi faɗin ɗakin da yake kwana. Ka tsaya a kusurwa haƙoranka su yi kaɗawa, ka taka uku zuwa tsakiya ka ji kusan babu komai. Goggo, wadda har gobe ba ta yarda wannan sana'a ce ba, takan leƙo ta ce, "Kai, wannan kiɗa ne ko ciwon kai?" Amma ban ji ta ce ya kashe ba.

Ba wai Jidda ba ta san bes ba ne. Tun Disambar 2022 kamfanin MDLBEAST ke shirya bikin Balad Beast a tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2014. Manyan lasifikoki, fitilu a jikin gidajen murjani masu tagogin katako. Ban raina abin ba, matasa sun samu fage. Sai dai a ganina bes ɗin can na rawa ne, yana bugawa ya saki. Nasa ba ya bugawa, zama yake yi, kuma babu mai sayen tikiti don ya saurari unguwar da babu ita.

Masu sauraronsa na gaskiya abokan wasansa ne da suka koma Kano, kuma a waya suke ji. Lasifikar waya ba ta iya fitar da 60. Da ya aika musu karon farko, sai suka ce saƙon babu komai a ciki. Dole ya ɗan ƙona sautin, ya haifar masa da 'ya'ya a 120 da 180 da 240 zuwa sama. Waɗannan waya ke iya ɗauka, ƙwaƙwalwa kuma ta cike uwar da kanta.

Ɗaya daga cikinsu ya sa a babbar lasifika a shagonsa, janareta na aiki a bakin ƙofa. Ya turo murya yana dariya: sautin yana karkarwa, wai ko ya lalace a hanya? Ɗan goggona ya ce masa lafiyarsa ƙalau, 60 ce ta haɗu da 50, ya kashe janareta ya sake ji.