Ma'adi: Unguwar da Ake Sayen Inuwa a Bakin Nilu

A Arewa mai hali ba ya gina gidansa a bakin ruwa. Daga Matankari zuwa Dogon Dutsi, har Kore Mai Ruwa da Tibiri, duk wanda ya san Dallol Mawri ya san ƙa'idar: kwari na lambu ne da dabbobi, mutum kuwa tudu yake nema. Kogi ma ba mu da shi, sai tafkuna irin Tapkin Saw, da koramun da kan cika dare ɗaya cikin damina su tafi da katangar wanda ya tare musu hanya. Waɗanda suka zauna Yamai kuma ba su manta da 2020 ba, shekarar da kogin Isa ya fasa madatsa ya shiga Lamorde da maƙwabtanta. Shi ya sa da aka ce masaukinmu a Alƙahira yana wata unguwar masu kuɗi a bakin Nilu, tambayar farko da kawuna ya yi ita ce: "To, da damina ina suke komawa?"

Ciwon gwiwa ne ya kai shi Masar, ni kuma na yi masa rakiya. Ɗansa da ke karatu a Azhar shi ne tafintanmu, shi ne kuma ya ba shi amsa: "Baba, nan babu damina." Gaskiya ya faɗa. Ruwan da ke sauka a Alƙahira shekara guda cur, hadari ɗaya na watan Agusta a Dutsi ya kan fi shi yawa. Kogin ma an daɗe da sa masa linzami. Tun da aka gama babbar madatsar Aswan a 1970, can kudu mai nisa, Nilu bai sake malalowa cikin gonaki da gidaje yadda ya saba tun zamanin Fir'auna ba. Ruwan yana wucewa rani da hunturu a tsakanin bakunansa biyu, mutane kuma suka matso suka gina har gaɓa.

Sunan unguwar Ma'adi. Tana gabashin kogin, kimanin kilomita 12 kudu da tsakiyar birni. Jirgin ƙasa na cikin gari da suke kira metro, wanda aka buɗe layinsa na farko a 1987, shi ke kai mutum can. Alƙahira da kewayenta sun haura mutum miliyan 20, kuma kowane direba da hannunsa a kan oda yake tuƙi. Amma idan ka sauka a tashar Ma'adi, ka ratsa Titi na 9 mai shaguna da wuraren shan gahawa, ka kutsa cikin tsohuwar unguwar da ake kira Sarayat, sai ƙarar ta yanke. Abin da za ka ji shi ne kukan kurciya da ƙarar tiyon mai ban ruwa. Itatuwa sun haɗe kai ta sama sun rufe titi: turare masu kaurin da mutum biyu ba sa rungumewa, mangwaro, dabino, da wasu masu jan fure da masu shuɗi da ban taɓa gani a ƙasarmu ba. Yawancin tituna lamba gare su maimakon suna, kuma suna haɗuwa a shataletale masu kama da juna, har baƙo ya yi ta zagaye gidansa bai gane shi ba.

Abin mamakin shi ne, wurin nan ba haka Allah ya ajiye shi ba. Gonaki ne da bakin hamada. A farkon ƙarnin da ya wuce, lokacin da Turawan Ingila ke riƙe da Masar, wani kamfani mai suna Delta Land ya sayi filayen da ke gefen layin dogo mai zuwa Helwan. Wani tsohon soja ɗan Kanada, Alexander Adams, ya zana unguwar a 1905. Aka jawo ruwan kogi, aka dasa itatuwa, aka kuma kafa dokoki masu tsanani ga duk mai sayen fili: ga iyakar wurin da gini zai ci, ga abin da dole a bar wa lambu, ga faɗin hanyar masu tafiya a ƙasa. Wanda ya bar lambunsa ya lalace tara ake cinsa, rediyo kuma ba ya tashi bayan ƙarfe 10 na dare. Turawa da attajiran Yahudawa da manyan Masarawa ne suka fara zama. Bayan yaƙin Suwes na 1956 da yawansu suka bar ƙasar, amma itatuwan suka zauna, wasu baƙin suka maye gurbi. Yau jakadu da ma'aikatan kamfanonin waje sun cika unguwar, ga makarantar Amurkawa ga ta Faransawa.

Akwai wani labarin Ma'adi da ya kamata masu lambun Dutsi su ji, su da yanzu suke jan ruwa da famfon sola. A 1913 wani Ba'amurke mai suna Frank Shuman ya kafa dogayen madubai masu lanƙwasa a nan, suna tattara zafin rana su tafasa ruwa, tururin ya juya inji, injin ya ɗebo ruwan Nilu zuwa gonakin auduga. Ana lissafa wannan tasha a matsayin ta farko irinta a duniya. Yaƙin duniya na ɗaya da arahar man fetur suka kashe aikin.

Zaman unguwar yana da nasa tsari. Kowane bene yana da mai gadi da suke kira bawwab, galibi mutumin kudancin Masar mai doguwar jallabiya, yana zaune da iyalinsa a ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala. Shi ke wanke motoci, shi ke sayo burodi, shi ke kawo tukunyar gas, kuma babu mai shiga ko fita bai sani ba. Uwargida a hawa na uku ba ta sauka sayen tumatir: kwando take zurowa da igiya ta taga, mai kaya ya zuba, ta ja. Magani, nama, guga, duk yaro ne ke kawowa a kan babur har bakin ƙofa. Abin da ya fi ɗaure wa kawu kai shi ne karnuka. Da yamma sai ka ga babban mutum da tufafi masu tsada yana biye da kare a igiya, ga shagon abincin kare, ga likitansa. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da ni: "Kai, a Bagaji ko maharbi bai girmama karensa haka ba."

Kogin kansa ya ba ni wani mamakin na daban. Na ɗauka mafi tsadar zama shi ne mafi kusa da ruwa, kuma can ne shiru yake. Ashe tsakanin tsohuwar unguwar da Nilu akwai babban titin Kornish, inda motoci ba sa tsayawa dare da rana, da jerin benaye masu hawa ashirin da ɗoriya. Mai son kallon ruwa can yake saye, ya haƙura da ƙara. Mai son shiru ya koma ciki, ya haƙura da kallon ruwa. Gaɓar ma yawancinta gidajen cin abinci da kulob-kulob sun tare, sai ka biya kafin ka zauna. Mun yi hayar jirgin ruwa mai filafilai da suke kira faluka, iska kaɗai ke tura shi, ba inji. Daga saman benayen nan, ranar da ƙura ta kwanta, ana hango dalolin Fir'auna a hayin yamma. A bakin ruwan kuma akwai tsohuwar majami'a mai ƙubba uku, wadda Kiristocin Masar ke cewa daga matakalarta Nana Maryamu ta shiga jirgi da Annabi Isa yana jariri, suka nufi kudu.

Da ƙafar kawu ta fara sauƙi, sai jinin fatauci ya motsa. Yana da ɗa a Azhar, ƙannen yaron na tafe, shi ma likita ya ce ya riƙa dawowa. Me zai hana ya sayi wuri? Aka kira dillali, wanda su ke ce wa simsar. Ya shigo da sallama da fara'a: "Ya Hajji, gida a Ma'adi ba ya faɗuwa, ɗanka zai gode maka, jikanka ma zai gode."

Nan muka shiga makaranta. Da farko, gida mai lambu irin na Sarayat ba na ɗan kasuwar wake ba ne, komai yawan buhunansa; hayarsa ma sau da yawa da dalar Amurka ake faɗa. Abin da ake sayarwa shi ne shaƙƙa, wato sashe guda a cikin bene, kuma da murabba'in mita ake yi masa kuɗi, kamar yadda ake auna yadi a kanti. Kawu ya tambaya: "Ƙasar fa, ta wa ce?" Aka ce ta duk mazauna benen ce, kowa da ɗan rabonsa a rubuce, in har an sa shi cikin takarda. Wani yana bisa kanka, wani yana ƙarƙashin ƙafarka. Babu zaure, babu tsakar gida, babu turken ragon layya. Wani sashen ma bulo ne tsirara, mai saye ne zai yi shafe da tayil da wutar lantarki. Bayan kuɗin saye akwai na wata-wata: albashin bawwab, gyaran na'urar hawa bene, famfon tura ruwa sama.

Sai maganar takarda, wadda ta fi komai wuya. A wurinmu mutum ya san takardar fili daga ma'aikatar magajin gari, ko shaidar mai gari da hukumar filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa. A Masar cikakkiyar mallaka sai an yi rajista a ofishin da ake kira Shahrul Aƙari, amma mafi yawan gidajen ƙasar ba su da wannan rajista. Abin da ke yawo a hannun mutane yarjejeniyar farko ce tsakanin mai saye da mai sayarwa, wani lokaci da hukuncin kotu cewa sa hannun na gaskiya ne. Lauyan da muka gani ya yi mana bayani dalla-dalla: wannan hukunci sa hannu kawai yake tabbatarwa, bai ce gidan na mai sayarwa ba ne. Dole a bi salsalar gidan hannu bayan hannu har mai filin farko, a duba ko magada duk sun yarda, a duba ko hawan da kake so yana cikin izinin gini ko ƙari aka yi a ɓoye. Ga baƙo kuma, doka mai lamba 230 ta 1996 ta ce gida biyu ne iyakarsa, kowane kada ya wuce murabba'in mita 4,000, kuma ba zai sayar ba sai bayan shekara biyar. Gona kuwa ba a sayar wa baƙo ita sam.

Akwai kuma kuɗin ƙasar. Sefarmu a ɗaure take da yuro, fam ɗin Masar kuwa ya sha faɗuwa: a Nuwamba 2016 ya rasa kusan rabin darajarsa, a Maris 2024 kuma dalar Amurka ta tashi daga fam 31 zuwa kusan 50 cikin yini ɗaya. Saboda haka Bamasare mai ɗan abin hannu bulo yake mayar da shi. Ƙidayar 2017 ta samu gidaje fiye da miliyan 10 a rufe ba kowa a ciki. A gefe guda kuma ga masu tsohuwar haya, waɗanda suka gaji gida daga iyayensu suka daɗe suna biyan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, a lokacin kuma mai gida ba shi da ikon tashinsu. Kotun tsarin mulki, wadda gininta ke kan Kornish ɗin Ma'adi, ta yanke a Nuwamba 2024 cewa daskarar da kuɗin haya haka ya saɓa wa tsarin mulki, sabuwar dokar 2025 kuma ta ba irin waɗannan mazauna wa'adin shekara bakwai. Wanda ya sayi gida da irin wannan ɗan haya a ciki, ya sayi jira.

Kawu ya saurari duk wannan, ya juya carbinsa, ya ce da ɗansa: "Gaya wa dillali mun gode. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya." Yara za su ci gaba da haya a Madinat Nasr kusa da abokan karatunsu, shi kuma idan ya zo ganin likita ya kama ɗaki na wata guda.

Ni abin da ya tsaya mini a rai ba takardun ba ne. Na tambayi kaina me mutanen nan ke biya da miliyoyinsu, tun da bulo da siminti iri ɗaya ne da na sauran unguwanni, kogin kuma yawancinsu ba sa ganinsa daga taga. Inuwa suke saye, da shiru, da titin da yaro zai taka da ƙafa. Waɗannan kuwa wasu ne suka dasa su shekara ɗari da suka wuce, doka ta tsare su. Mazauna unguwar sun san haka: suna da ƙungiyar masoya itatuwa tun 1973, kuma duk lokacin da aka rushe tsohon gida don a tayar da dogon bene, ko aka kawo zarto don faɗaɗa titi, sai ka ji muryarsu.

Mu a Dallol Mawri ruwa yana kusa, a wurare da dama rijiya ba ta nisa ake cim masa, ga sama tana ba mu abin da ba ta ba Alƙahira. Amma idan aka yanka sabbin filaye a bayan gari, abin da mai fili ke fara yi shi ne sare gawon da ya tarar, sannan ya cika filin da gini har bakin iyaka. Masu raba filaye a Dutsi da Tibiri da Gesheme suna iya rubuta sharaɗi a jikin takardar fili: kaza na gini, kaza na itace, dogon yaro biyu a ƙofar gida kafin a ɗora rufi, gawon da aka tarar kuma a bar shi. Wannan ba ya buƙatar kogi, ba ya buƙatar kamfanin Turawa. Sa hannun magajin gari yake buƙata, da maƙwabtan da za su yi magana idan sun ji ƙarar gatari.