Dakar, Safari ko Argungu? Musun da Ya Raba Kulob Ɗinmu

Duk wanda ya wuce ta bayan ajinmu makon jiya da aka fita tara ya ji hayaniyarmu, har wani malami ya leƙo yana tambaya ko faɗa ake yi. Ba faɗa ba ne, musu ne, kuma ga inda ya samo asali.

A daminar da ta wuce, mu shida 'yan kulob ɗin jarida muka raka Malam ta'aziyya wani ƙauye da ke tsakanin Gwarzo da Kabo. Mahaifin wani ɗan ajinmu ne ya rasu. Wani bawan Allah ya ara mana Hilux da direbanta. Muna kan kwalta lafiya lau. Da muka sauka burji sai labari ya canza, domin an kwana ana ruwa. Muna shiga wani kwari motar ta kafe. Tayoyin baya suna ta juyawa a wuri ɗaya, suna watsa taɓo kamar ana fesa magani a gona.

Direban bai damu ba. Ya kama wata ƙaramar giya da ke gefen babbar ya ja, ya ce ya sa fowil. Ya yi mana bayani cewa a kan kwalta tayoyin baya ne kawai suke tura motar, amma idan aka sa fowil ƙarfin injin yana rabuwa ga tayoyi huɗu duka. Muka ce shi ke nan mun fita. Ashe da sauran aiki. Sai da muka sauko muka ɗebo duwatsu da rassan bishiya muka cusa a ƙarƙashin taya, muka tura har wuyanmu ya yi ciwo. Farar rigar makaranta ta koma ja. Wani mai babur ya zo ya wuce mu da buhun taki a baya yana yi mana dariya. Da muka fita direban ya ce, “Yara, fowil ba ta hana kafewa. Wanda ya san inda zai taka shi ne yake wucewa.”

Tun daga ranar ɗaya daga cikinmu bai sake zama daidai ba. Za mu sakaya sunansa, mu kira shi Sitiyari, tunda da ma haka muke tsokanarsa. Ya ce da ya gama aji uku zai ajiye karatu ya zama yaron mota, ya koyi tuƙi, wata rana ya shiga tseren motoci na jeji irin wanda ya gani a wayar yayansa. Da farko mun ɗauka wasa yake yi. Daga baya muka ji cewa a gidansu ma an fara maganar, saboda hali ya yi wuya kuma ƙannensa suna da yawa.

Malam bai yi masa faɗa ba. Aiki ya ba mu. Ya ce mu ɗauka mu sababbin shiga ne, an ajiye mana tsere uku a gaba: Dakar, Safari da Argungu. Wanne za mu fara shiga, kuma me ya sa? Ya ba mu wayarsa na kwana biyu a lokacin tara mu yi bincike.

Dakar ce ta fi cinye mana lokaci. Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine ne ya ƙirƙiro ta, bayan ya taɓa ɓacewa a hamadar Sahara a kan babur. An tashi tseren farko daga birnin Paris ranar 26 ga Disamba, 1978, aka nufi Dakar babban birnin Senegal. Abin da ya ba mu mamaki shi ne ta maƙwabtanmu aka bi, domin sun ratsa Agadas da Yamai a Jamhuriyar Nijar. Motoci da babura 182 suka tashi, 74 kawai suka isa. Mun yi lissafi a allo, 108 ke nan suka tsaya a hanya. Shi kansa Sabine ya mutu a 1986 a ƙasar Mali, lokacin da jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da shi ana cikin tseren. A 2008 aka soke gasar saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka mayar da ita Kudancin Amurka daga 2009, sannan tun 2020 a Saudiyya ake yin ta, amma har yau sunanta Dakar.

Sitiyari ya yi tsalle da ya ga cewa wanda ya ci gasar motoci ta 2025, Yazeed Al-Rajhi ɗan Saudiyya, Toyota Hilux ya tuƙa. Ya ce, “Kun gani! Irin wadda muka tura!” Malam ya ce suna ne ɗaya, amma waccan an ƙera ta ne musamman domin tsere. 'Yan matan kulob su ma sun samu abin faɗa, domin a 2001 mace ce ta ci, Jutta Kleinschmidt 'yar Jamus, a cikin Mitsubishi Pajero. Har yanzu ba su bar mu mun huta ba.

Amma akwai abin da bidiyo ba ya nunawa sosai. A cikin motar ba direba ne kaɗai ba. Akwai na gefensa, wanda yake riƙe da bayanin hanya. A hamada babu kwalta, babu allon da zai ce ga hanyar Getso ga ta Garo, kuma ba a yarda ka buɗe taswirar waya ta ja ka ba. Na gefen ne yake karanta cewa bayan kilomita kaza a juya zuwa digiri kaza. Idan ya kuskure lamba ɗaya, sai su yi ta gudu zuwa inda babu kowa. Da aka zo nan sai duk muka juya muka kalli Sitiyari, domin kowa ya san shi da darasin kusurwa ba sa ga maciji. Ya ce shi direba zai zama, ba mai karatu ba. Wata ta ce masa, “To masu babur fa? Su kaɗai suke, su suke tuƙi su suke karantawa.” Bai amsa ba.

Wani abu kuma ya sa jikinmu ya yi sanyi. A tseren 2006 motoci sun kashe yara biyu, ɗaya a Gini ɗaya a Senegal, mai shekara goma da mai shekara goma sha biyu. Ba tsere suka shiga ba, a garuruwansu abin ya same su. Mun tuna yadda mu ma muke rugawa bakin titi idan 'yan biki suna ganganci da mota. Da tseren nan ta Kabo ya biyo, da mu ne a bakin hanya, ba a cikin mota ba.

Safari ba ta ɗauke mu lokaci ba. A Kenya ake yin ta, an fara a 1953, ta dawo cikin gasar duniya a 2021. Kwanaki kaɗan ce, ba kamar Dakar mai kusan mako biyu ba, kuma taɓonta ya yi kama da namu. Sai dai gwanayen duniya ne suke fafatawa a can. Sabon shiga ƙura kawai zai sha.

Sai Argungu ta jihar Kebbi. Yawancinmu bikin kamun kifi kawai muka sani, wanda aka fara a 1934. Ashe ana haɗa shi da tseren motoci. A 2020 motocin da aka harhaɗa a Najeriya suka taso daga Abuja har Argungu. Sitiyari ya raina ta. Ya ce hanyar kwalta ce galibi, ina jejin yake? Gaskiyarsa ne. Amma mu da muka goyi bayanta muka ce ba sai ka nemi biza ba, ba sai ka sayar da gonar gado ba, kuma idan motarka ta lalace za ka samu bakanike mai jin Hausa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ranar Laraba muka kaɗa ƙuri'a. Mu goma sha ɗaya ne a ranar. Shida suka zaɓi Argungu, huɗu Dakar, mutum ɗaya Safari, shi ma ya ce don ya ga raƙumin dawa ne. Mu masu wannan rubutu muna cikin shidan, ko da yake ba za mu ɓoye ba, idan aka sa bidiyon Dakar mu ma ba ma iya ɗauke ido.

Sitiyari yana cikin huɗun, kuma bai janye maganar barin makaranta ba. Ranar Asabar yana zuwa garejin wani kawunsa yana wanke sufana. Amma shekaranjiya mun gan shi ya tsayar da malamin lissafi a baranda yana tambaya, idan mutum yana fuskantar gabas ya juya kudu, digiri nawa ke nan. Malam ya ce casa'in. Ya rubuta a tafin hannunsa.

Wanda yake da nasa zaɓin ya rubuta a takarda ya ba sakataren kulob kafin ranar Alhamis. Don Allah kada a yi rubutu a jikin wannan, da ƙyar muka samu kwali.