Godiya ga Injiniyan da Ya Ƙi Yin Gaggawa

 

Injiniya, ranar da ka gama aiki na yi maka godiya da baki, ka ce, "Haba Baba, ai ba komai," ka tashi babur ka tafi. Wannan "ba komai" ɗin ne ban yarda da shi ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Kuɗin da ka karɓa na gyara ne. Natsuwar da ka yi aikin da ita kuwa ba ta cikin lissafi, kuma ita ce ta cece ni.

Ka san abin da kwamfutar nan take ɗauke da shi. Shagon buga takardu ba shi da jari sai abin da mutane suka ba shi amana: kundin ɗaliban da ke shirin kammala karatu, jarrabawar makarantun unguwa, takardun gado da na cinikin fili, katin biki. Duk suna cikin faifan ajiya guda ɗaya. Da yammacin ranar da abin ya faru aka ɗauke wuta, can aka dawo da ita da ƙarfi, sai muka ji "fas!" daga bayan akwatin, warin ƙonewa ya cika shago. Aka danna maɓalli, shiru. Ko ɗan hasken nan na gaba babu. Kafin magariba masu ba da shawara sun yi yawa. Wannan ya ce bod, wato babban allon cikin kwamfutar, ya ƙone, in sayi sabuwa kawai. Wancan ya ce a ciro fawa-fak, wato akwatin da ke raba wuta, na wata tsohuwar kwamfuta a jona a gani. Wani ma cewa ya yi a ɗan bubbuga ta.

Kai da ka zo, abin da ka fara yi shi ne cire fulogi daga bango, ka kuma hana kowa taɓa maɓalli. Ban ji daɗi ba da na ga ka bar kwamfutar ka tsuguna gaban soket da mitarka, ina cewa a raina ga marar lafiya can, me ake nema a bango? Ka auna ka ce wutarmu ta Nijeriya bolt 230 ya kamata ta kasance, abin da ke soket ɗin a lokacin bai yi nisa da haka ba. Ka buɗe fulogi ka duba fis, ka gwada wayar da wata. Sannan ka leƙa bayan akwatin, ka haska ɗan jan makunnin nan mai lamba 115 a gefe guda, 230 a ɗaya gefen. Ka ce tsofaffin kwamfutocin da ake shigowa da su daga Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce, wani lokaci sukan iso a saite kan 115, mutum ya jona su haka a nan, nan take fawa-fak ya fashe. Tawa tana kan 230, saboda haka ba daga nan ba ne. Ni dai shekara da shekaru ina share ƙurar wajen nan, ban taɓa ganin wani ya kula da makunnin ba sai kai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, da ka buɗe murfi, kafin komai sai da ka zare wayoyin faifan ajiya, ka kwance shi, ka naɗe a leda, ka miƙo mini. Ka ce, "Baba, riƙe wannan. Duk abin da ke cikin akwatin nan ana sayarwa a kasuwa, ban da abin da ke cikin wannan." Ka ce ba za a sake ba shi wuta ba sai ka tabbatar da lafiyar wutar da za a ba shi.

Sai gwajin fawa-fak ɗin. Ka cire duk wayoyinsa daga bod, har da babban mahaɗin nan mai ramuka 24. Ka miƙe kilif ɗin takarda, ka lanƙwasa shi, ka soka baki ɗaya a ramin koriyar waya, ɗaya a na baƙa, sannan ka jona wuta. Ka bayyana mini cewa koriyar ita ce ke karɓar umarnin tashi daga bod, idan an haɗa ta da baƙa kamar an danna maɓalli ne, lafiyayyen fawa-fak sai fankarsa ta juya. Tawa ko motsi. Ba ka tsaya nan ba, ka ɗora mita a kan waya mai launin shunayya, wadda ka ce ko kwamfuta na kashe tana ba da bolt 5 muddin fulogi na bango. Sifili. A nan ka ce, "To, wannan kam ya mutu."

Na roƙe ka ka buɗe shi ka gyara, don na san aljihuna. Ka ƙi. Ka ce manyan kafasitocin cikinsa kan riƙe sama da bolt 300, kuma sukan ɗan jima da cajinsu bayan an cire wuta. Ban da haka, ko an canza abin da ya ƙone, ba za ka iya rantsuwa cewa ba zai sake kashe wani abu ba. Na san masu gyaran da za su buɗe, su ɗiga dalma, su karɓi kuɗi, in dawo bayan wata guda da babbar asara. Na gode da ka ƙi.

Daga jakarka ka ciro fawa-fak na gwaji, shi ma sai da ka auna shi a gabana: rawaya bolt 12, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3. Ka ce ƙa'idar ATX, wadda kamfanin Intel ya fito da ita a 1995, ta yarda a samu ragi ko ƙari na kashi 5 cikin ɗari kawai a waɗannan layukan, wato rawaya kada ta gaza 11.4, kada ta wuce 12.6. Yaron da ke buga mini takardu ya rubuta wannan a bangon littafinsa. Yanzu shi ma mita yake so in saya masa, ka ja mini.

Na ɗauka daga nan sai a ɗaura sabo a tashi. Ashe aikin bai ma fara ba. Ka ce fawa-fak idan zai mutu ba kullum yake tafiya shi kaɗai ba, sai an bi sawu an ga wa ya taɓa a hanya. Ka haska bod da tocila lungu-lungu kana neman kafasita mai kumburin kai ko tabon ƙuna, har sai da ka sunsuna shi. Ka cire komai ka bar bod da firosesa da fankarsa da ram. Aka kunna, fanka ta juya, ta tsaya, ta sake juyawa, monita baƙi ƙirin. Gabana ya faɗi, na ce masu cewa bod ya ƙone sun yi gaskiya. Kai kuwa sai ka zare ram ɗin duka biyu ka sake kunnawa, kwamfuta ta kama kuka, ƙit-ƙit-ƙit. Ka yi murmushi ka ce, "Alhamdu lillahi, bod na da rai. Mataccen bod ba ya ƙorafin an ɗauke masa ram." Ka goge haƙoran ram ɗin, ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya, rami bayan rami. Guda ya kawo hoto, ɗayan duk ramin da aka sa shi shiru. Kwanan watan da ya fito a monita ma ya koma shekarun baya, ka ce wannan ba laifin fawa-fak ba ne, ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, ya tsufa, ka canza shi.

Sai aka zo kan faifan. Ka karɓe shi daga hannuna, ka jona, ka kunna. Fanka ta yi ɗan motsi ta mutu nan take. Ka cire faifan, kwamfuta ta tashi lafiya. Ka mayar, ta sake mutuwa. Ban san lokacin da na zauna a kan benci ba. Na tuna wata ɗaliba da ta ce mini ba ta da kwafin kundinta a ko'ina sai wajena, rubutun hannun ma ta ba ƙannenta sun yi wasa da shi.

Ba ka ce uffan ba. Ka kifa faifan, ka kwance ɗan koren allon da ke cikinsa, ka riƙa taɓa ƙananan abubuwan da ke kusa da mashigar wuta da bakin mita. A kan wani baƙin abu da bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba mita ta yi ƙara. Ka kira maigidanka a waya ka faɗa masa abin da ka gani, na ji yana cewa, "Shi ne, ɗage shi, amma ka auna na kusa da shi tukuna." Ka ce wannan dayod ne, aikinsa irin na maigadi: idan wuta ta zo fiye da ƙima sai ya tare ta da jikinsa, ya mutu a bakin ƙofa, gawarsa kuma ta toshe hanya. Shi ya sa fawa-fak mai kyau yake kashe kansa da zarar an jona faifan, don yana ganin wayoyi sun haɗu. Ka ɗora ƙarfen dalma, hannunka ko rawa, ka ɗage shi. Ka sake aunawa, ka mayar da allon, ka jona. Na kara kunne na ji faifai ya fara juyawa.

Ko murnar ba ka bari mun yi ba. Ka ce yanzu faifan ba shi da kariya, a kwashe komai tukuna. Muka zauna har bayan isha'i ana juye fayiloli zuwa wani faifan da ka ara mana, da aka sake ɗauke wuta tela maƙwabcina ya ja mana waya daga janaretonsa, ka ce ba za a jona ba sai ta sitabilaiza, aka aro ta mai kemis. Su ma ina gode musu, da yaronka da ya riƙe tocila har hannunsa ya gaji bai yi ƙorafi ba.

Washegari da muka je titin Beirut sayen sabo, na ga wani ilimin daban. Ni babbar lambar da ke jikin kwali nake dubawa, kai kuwa kana ɗaga kowanne a hannu kana jin nauyinsa, kana karanta ƙaramin jadawalin gefe don ganin ƙarfin da layin bolt 12 ke bayarwa, tunda shi ne ke ciyar da firosesa. Ka ce mai rubutun 100 zuwa 240 ya fi dacewa da wutarmu mai hawa da sauka, kuma ba shi da jan makunnin da wani zai taɓa bisa kuskure. Tun a shago ka riga ka duba cewa mahaɗin bod ɗina irin na kowa ne, don wasu kwamfutocin ofis na Dell da HP nasu daban yake, ba kowane fawa-fak ke shiga ba. Mai arahar da na nuna ka ajiye shi ba tare da ka ɓata wa mai shago rai ba. Kuɗin da aka rage mana kuma ka sa aka rubuta a rasit yadda yake.

Da ka gama ɗaurawa ka kawo mini matattun kayan a leda: tsohon fawa-fak, ram guda, batiri, har da ɗan dayod ɗin a manne da salatif. Ba kowane mai gyara ke yin haka ba, kai ma ka sani. Ka nuna mini ƙurar hunturu da ta dasƙare a fankar tsohon, ka ce zafi ya daɗe yana cin sa, wutar ranar nan ƙarasa shi kawai ta yi.

Abubuwan da ka ce a yi, an yi. Da an ɗauke wuta yaro yana kashe soket, idan an dawo da ita sai an ɗan jira ta daidaita. Na sayi UPS, kuma ban jona furinta a kansa ba, kamar yadda ka gargaɗe ni. Duk Alhamis ana kwashe aikin mako zuwa faifai na biyu, yana kwana a gida. Mai wayarin ya zo ya tabbatar da abin da ka ce, soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, ya ja ta. Faifan da ka ara mana yana nan a ajiye, ka turo yaro ya karɓa, ko kuma ka zo da kanka mu sha shayi.

Ɗalibar nan ta miƙa kundinta a kan lokaci, ta ce in gaishe ka. Ka gai da maigidanka, ka ce Baba mai shagon takardu yana godiya da karatun da ya ba ka.