Burodin da 'yata ba ta ci ba

'Yan uwa iyaye maza da mata, mu mutanen Briqueterie ba mu saba tambayar asalin nama ba, domin galibi a hannunmu yake. Tun zamanin Jamus kakanninmu fatake suke shigowa Yawunde da hajarsu, zamanin Faransa kuma suka tattaru a Ekoudou, inda tsohon wurin gasa bulo ya bar wa unguwar sunan da take amsawa har yau. Shanun da ake yankawa a mayankar SODEPA ta Etoudi daga Adamawa da Arewa mafi yawansu suke fitowa, mahautan da ke rarraba naman a kasuwanni da yawansu namu ne, da magariba kuma manyan ma'aikata suna ajiye motocinsu a bakin titinmu su jira tsire, wanda su suke ce wa soya. Yaron da ya tashi a nan, duk abin da aka miƙa masa sai ya yi bisimilla ya ci, ba ya da dalilin bincike. Tambaya tana tasowa ne ranar da ya hau motar makaranta ya bar unguwa.

'Yata ta uku tana aji na CM1 a lokacin, shekarunta tara. Makarantar mai zaman kanta ce, irin wadda ba ta ƙarƙashin coci ko masallaci, tana wajen unguwarmu. Ba zan faɗi sunanta ba, domin ban ɗauki alƙalami don in tozarta kowa ba, kuma har yanzu ina ganin tana karantarwa da kyau. A watan Mayun 2024 aka aiko da takarda cewa za a kai yara yawon buɗe ido: da safe gidan tarihi na ƙasa, da rana gidan namun daji na Mvog-Betsi. Kowane yaro sefa 5,000, kuɗin mota da na shiga da abincin rana. A ƙasan takardar an ja layi cewa ba a yarda yaro ya zo da abinci daga gida ba, wai don tsabta, kuma don kada wani ya fi wani. Ranar da na kai kuɗin na tambayi malamin ajin abin da za su ci. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, burodi ne da lemo." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma a wajen mutanen kudu duk mai hula Alhaji ne, na daina gyara musu tuntuni. Uwarta ta riga ta ƙulle mata kilishi a takarda, sai muka karanta layin nan muka mayar da shi cikin kwano.

Da yamma ta dawo bakinta cike da labari. Ta ga tsohuwar fadar shugaban ƙasa Ahmadu Ahijo, wadda aka mayar gidan tarihi aka sake buɗe ta a 2015. Ta ga ganguna da kayan sarauta, ta ga zaki yana barci kamar ba shi ne ake tsoro ba, ta ga birai masu fuska ja da shuɗi. Sai da uwarta ta lura da yadda take cin tuwo hannu baka hannu ƙwarya sannan sauran labarin ya fito. Da azahar an zaunar da su a inuwa, aka raba wa kowa burodi a leda. Ta buɗe nata ta ga wasu yankakkun nama zagayayyu masu launin hoda, abin da ake kira saucisson. Ta tambayi malami, shi kuma ya tambayi matar da ta haɗa burodin, ta ce na alade ne. Malamin ya ce ta cire naman ta ci burodin. Ta duba ta ga maiƙon ya riga ya jiƙa cikinsa, sai ta naɗe ta ajiye. Yara Musulmi huɗu ne a ajin. Ɗaya ya ci bai sani ba, ɗaya ta sani amma yunwa ta fi ƙarfinta, biyu suka wuni da lemon kwalba ɗaya tun ƙarfe shida da rabi na safe har kusan magariba. Wasu yara suka riƙa yi mata waƙar "Magida", sunan da ake tsokanar 'yan Arewa da shi. Duk wannan na iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne da ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, na yi maka asarar kuɗi."

Washegari na rufe shagon ɗinkina na tafi wajen shugabar makarantar. Ta karɓe ni da mutunci, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Alhaji, makarantarmu laïque ce, ba ruwanta da addini. Kowa ya biya kuɗi ɗaya, kowa ya samu abinci ɗaya. Idan na fara dafa wa kowane gida abin da yake so, gobe wani zai ce ɗansa ba ya cin albasa." Na ce, "Madam, ban roƙi a dafa mata komai ba. Kun hana ta zuwa da nata, kun kuma ba ta abin da ba za ta iya ci ba. Wace ƙofa kuka bar mata?" Ta ce idan abincin addini nake nema, ai akwai makarantun franco-islamique a unguwarmu. Daga nan ta buɗe jakarta ta ciro sefa 500 ta ajiye a kan tebur, wai kuɗin burodi. Na yi mata godiya na bar su a inda suke.

In za a yi adalci, matar ba muguwa ba ce, kuma akwai nauyi a wani ɓangare na maganarta. Wanda ya taɓa fita da yara arba'in cikin garin nan ya san ƙirga kawunansu kaɗai aiki ne. Mai haɗa burodin an yi ciniki da ita a kan farashi guda, ita kuma ta sayi abin da ya fi mata sauƙi. Ba wanda ya zauna ya ƙulla cewa a ciyar da 'ya'yan Musulmi alade. Abin da ya faru shi ne ba wanda ya tuna da su, kuma a ganina wannan ma laifi ne, ko da ya fi wancan sauƙi.

Kalmar laïque ɗin nan ce ta hana ni barci, domin an daɗe ana rufe mana baki da ita. Tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ce ƙasa ba ta da addinin hukuma, a wuri guda kuma ya tabbatar wa kowa 'yancin addininsa. Dokar ilimi ta 14 ga Afrilun 1998, a sashe na 10, ta ce makarantar gwamnati ba ta ɗaukar ɓangaren kowane addini. Na sa ɗana babba ya karanta mini ita sau biyu, ban ji inda aka ce dole kowane yaro ya ci abu ɗaya ba. Rashin ɗaukar ɓangare yana nufin makaranta ba za ta sa 'yata ta yi addu'ar wani ba, ba za ta kuma sa ɗan maƙwabcina Kirista ya yi tawa ba. Burodin alade a hannun yarinya Musulma, tare da hana ta kawo nata, ya fi kama da tilastawa. Ko a Faransa, inda muka aro kalmar, an kai irin wannan magana kotu. Magajin garin Chalon-sur-Saône ya soke abincin madadin alade a makarantun garinsa a 2015, aka yi ta shari'a har Conseil d'État, babbar kotun al'amuran mulki, ta yanke hukunci ranar 11 ga Disambar 2020. Ta ce ba dole ba ne gari ya tanadi madadin, amma kuma laïcité ba ta hana shi tanadarwa ba. Wato masu kalmar da kansu ba su yarda ta zama hujjar hanawa ba.

Sai dai gardamar da ta fi gajiyar da ni a bakin shagona aka yi ta, tsakanina da 'yan uwa. Wani ya ce ni na jawo wa kaina, wa ya aike ni kai yarinya makarantar da ba ta Musulmi ba? Wani ya ce yarinya ba ta balaga ba, alƙalami bai hau kanta ba, da ta ci abinta an wuce wurin. Na uku, wanda ya fi kowa zafi, cewa ya yi ko kaza aka ba ta bai kamata ta taɓa ba, tunda ba a san wanda ya yanka ba. Na kai maganar gaban malaminmu bayan sallar asuba. Ya ce haramcin alade a fili yake a aya ta 173 ta Suratul Baƙara, ba a jayayya a kansa. Ya ce aya ta 5 ta Suratul Ma'ida kuma ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, malaman Malikiyya sun yi bayanin sharuɗɗansa, don haka kada mu ƙuntata abin da Allah ya yalwata. Game da yaron da ya ci bai sani ba da yarinyar da yunwa ta rinjaya, ya ce ba zunubi a kansu, kada wanda ya kuskura ya goranta musu. Amma ya ce rashin zunubi a kan yaro ba ya sauke nauyin tarbiyya daga kan uba.

Shi kuwa mai cewa in cire ta, ga amsata. Makarantun franco-islamique alheri ne, ɗana babba a can ya yi firamare. Amma yaranmu ba za su dawwama a Briqueterie ba. Za su je lycée, za su je jami'a a Ngoa-Ekellé, wasu za su shiga soja, wasu asibiti, wasu ofis inda ake walimar ƙarshen shekara. Idan duk inda aka manta da mu sai mu naɗe tabarmarmu mu koma gida, to za a ci gaba da mantawa, kuma da hujja.

Saboda haka na jira taron ƙungiyar iyaye da malamai, APEE, na nemi a sa maganar cikin abubuwan da za a tattauna. A nan sai na faɗi abin da ba zai yi wa wasunmu daɗi ba. Gidajen Musulmi da ke da yara a makarantar sun fi ashirin, amma mu uku muka zo. Kuɗin ƙungiya muna biya ba fashi, zaman taron ne muke gani kamar ɓata lokaci, alhali a nan ake yanke shawarar abin da yaro zai ci da ranar da zai fita da wanda zai raka shi.

Na yi bayanina da Faransancin tela, na zauna. Ɗakin ya yi tsit, shugabar ta fara maimaita abin da ta gaya mini. Sai wata mata ta ɗaga hannu ta ce ita 'yar cocin Adventiste ce daga Nanga-Eboko, su ma ba sa cin alade, ɗanta ma da yunwa ya dawo ranar, kunya ce ta hana ta magana. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce nata ɗan idan ya ci gyaɗa jikinsa kumbura yake yi, kuma ba a taɓa tambayarta ba. Wani dattijo Ewondo ya ba mu dariya, ya ce a ƙauyensu naman kububuwa na manya ne, yaro ko mace ba sa taɓawa, kuma bai taɓa jin wanda ya kira wannan raini ga jamhuriya ba. Ma'ajin ƙungiya, mutum mai son lissafi, ya ɗauki biro ya nuna cewa burodi da kifin gwangwani ko da ƙwai bai fi na saucisson tsada ba. Daga nan magana ta bar kan addini ta koma kan takarda. Aka amince da abu biyu: za a ƙara layi a takardar izinin fita inda uba ko uwa za su rubuta abin da yaro ba ya ci, kuma duk wanda ya so ya ƙulla wa ɗansa abinci daga gida yana iya yi. Shugabar ba ta ɗaga hannu ba, ba ta kuma hana ba.

A 2025 aka kai su Mefou, wurin da ake kula da gwaggon biri a kudancin Yawunde. Takardar ta zo da sabon layin, na cike shi da hannuna. Mai haɗa burodin ta ga raba kashi biyu wahala ne, sai ta yi wa ajin duka na sardin. An ce wasu iyaye sun yi gunaguni, wai saboda Alhaji an hana yaransu nama, ko da yake ba abin da na roƙa ke nan ba. Uwar yarinyar dai ba ta yarda da kowa ba, ta ƙulle mata kilishi mai yawa, ta dawo da takardar babu ko ɓarɓashi, domin rabin ajin sun sa hannu. Ita kuma shugabar, idan muka haɗu a bakin ƙofa tana gaishe ni a taƙaice, har yau ba ta ambaci burodin ba, ni ma ban ambaci sefa 500 ɗinta ba.